Ranar da Rediyon Baba Sifana Ya Yi Hayaƙi

Duk wanda ya daɗe a layinmu ya san ranar da Baba Sifana ya yi wa duniya sallama, duniya ba ta amsa ba, sai hayaƙi.

Wata Asabar ce da la'asar. Tun da hantsi yake bin gidaje da ƙafarsa yana gayyata, ya ce kowa ya zo ya ga rediyon da ya haɗa da hannunsa, irin wanda ba saurare kaɗai ake yi da shi ba, har magana ake yi da mutanen wasu ƙasashe. Aka jera benci biyu a ɗakinsa na gaba. Mai aski ya rufe shago ya zo ya kama wurin gaba. Goggo, matar Baba, ta tsaya a bakin ƙofar ciki da hannu a ƙugu. A kan tebur ga akwatin nan baƙi, bai fi mulmulen burodi girma ba, an goge shi yana ƙyalli.

Baba ya gyara zaman hularsa, ya ɗauki makirfo, ya danna, ya yi gyaran murya. Ya yi sallama, ya faɗi lambar kiransa, wato wadda ake gane shi da ita a rediyo, sau biyu. Da a nan ya tsaya, da wataƙila an rabu lafiya. To amma ya kwana uku yana shirya jawabi, kuma ba ya da niyyar barin ko kalma ɗaya. Yana cikin bayyana wa duniya shekarun da ya yi yana aiki sai wari ya fara tashi, irin na roba a wuta. Can sai ga hayaƙi siriri yana fitowa ta bayan akwatin, miƙe sambal, ba gaggawa.

Kowa ya zuba wa hayaƙin ido. Mai aski ne ya fara magana, cikin ladabi kuwa.

"Baba, wannan amsar ce ta iso?"

Goggo ta je ta buɗe taga. Mutane suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na danne dariya har sai ya kai waje. A ƙarshen benci na biyu kuwa, dab da ƙofa, Auta mai gyaran agogo, ƙanen Goggo, ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Bai yi dariya ba, bai yi magana ba. Duk cikin abin da ya faru a ranar, wannan shirun ne ya fi yi wa Baba ciwo.

Shekara talatin da biyu Baba ya yi a gidan ruwa, yana kula da manyan injunan da ke tura ruwa cikin gari. A can aka laƙaba masa Sifana, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Notin da ya saba da su kaurin wuyan hannu gare su. In noti ya yi masa gardama, sai ya zura bututu a ƙotar sifana, ya tofa yawu a tafi, ya hau da dukkan nauyinsa. Bai taɓa haɗuwa da ƙarfen da ya ƙi jin wannan maganar ba. Ko a gida, in ya rufe famfo, babu mai iya buɗewa sai an jira ya dawo. Goggo ta sha cewa, "Malam, don Allah in ka wanke hannu ka bar mini ni in rufe. Ruwa nake so in ɗiba gobe, ba gado zan bar wa jikoki ba."

Shi kuwa Auta a gidan ya tashi. Yana da shekara goma sha biyu mahaifinsu ya rasu, Goggo ta ɗauko shi. Baba ne ya fara ɗora masa sifana a hannu, ya kalli siraran yatsunsa ya girgiza kai, ya ce wannan hannun allura ne, ba na ƙarfe ba. Shi ya kai shi wurin wani tsoho mai gyaran agogo don kada ya zauna haka nan. Yau Auta ya ba hamsin baya, gemunsa ya yi furfura, yana da shago a tsallaken titi daidai ƙofar gidan Baba, ɗan ƙuƙut kamar kabad. Amma har gobe in Baba zai ambace shi sai ya ce "yaron nan".

Shekara shida da suka wuce yaron nan ya yi jarrabawa, ya sami lasisin magana ta rediyo, ya sayi wani rediyo na hannu, ya ja waya daga rufin shagonsa zuwa wani dogon ƙarfe. Daga nan katuna suka fara zuwa ta gidan waya, domin al'adar masu wannan sha'awa ce in sun yi magana da juna su aika wa juna kati. Auta ya riƙa manna su a bango, tsakanin agogunan mutane.

Katunan ba su dami Baba ba. Abin da ya dame shi kujerar Goggo ce. Kullum in la'asar ta yi, sai ta ɗauki 'yar kujerarta ta tsallaka titi, ta zauna a bakin shagon ƙanenta tana sauraron muryoyin da ke fitowa cikin shuuu da ƙara. Ba ta jin yarensu, Auta ne ke fassara mata. Sai ta dawo gida fuska a sake.

"Malam, ka san da wa Auta ya yi magana yau? Wani mai kiwon tumaki. Wai ƙanƙara ce ta toshe masa ƙofa, kwana biyu bai fita ba!"

"To sai aka yi yaya?"

"Har ya ce a gaishe ni."

"Ya san ki ne?"

"Auta ya gaya masa yayarsa na zaune a gefe."

Baba ya ture kwanon abinci ya ce gishiri ya yi yawa. Shekara talatin da biyu yana shayar da gari guda, ko sau ɗaya matar nan ba ta taɓa cewa bari ta zo ta ga injunan ba. Amma wani mai tumaki da ko fuskarsa ba ta sani ba ya ce a gaishe ta, ta dawo tana murmushi har kunne. Ta taga yakan hango ta a can, tana dariya tana tafa hannu, irin dariyar da ya manta rabon da ya ji ta a cikin gidansa.

A ɓoye ya fara karatun jarrabawar. Ya ce wa Goggo yana zuwa asibitin ido ne. Karon farko ya faɗi, ya dawo ya ce likita bai zo ba. Karo na biyu ya ci. Kuma tun daga farko ya yanke cewa ba zai sayi haɗaɗɗen rediyo ba. Irin wanda ake aikowa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya haɗa da kansa, shi ya yi oda.

"Shi saye ya yi," ya ce wa mai aski yana cikin yi masa gyaran fuska. "Kowa ma ya iya saye. Ni ginawa zan yi."

A yi masa adalci, aikin dalma ya yi shi da kyau. Mako uku yana duƙe da tabarau biyu a hanci, yana liƙa ƙananan kaya a kan allo ɗaya bayan ɗaya, yana bin littafin da ya zo da kwalin layi-layi. Inda aka sami matsala wurin da ya fi ƙwarewa ne.

Notin sun zo a leda biyu, kowace da 'yar takarda a manne. Baba ya ɗaga su ya duba. Ƙanana ne, ba su fi ƙwayar wake ba, kansu iri ɗaya, tsawonsu iri ɗaya. Ya yage ledojin, ya juye su gaba ɗaya a murfin gwangwani, ya share takardun ya zubar. Shafin littafin da ke magana a kansu kuwa ya tsallake shi. Shi za a koya wa ɗaure noti?

Ashe akwatin an ƙera shi ne a inda ake awo da milimita, shi kuma farantin ƙarfen da ke bayansa ya fito daga inda ake awo da inci. Tiredin, wato zanen nan da ya zagaye jikin noti, ba ɗaya ba ne. Na milimita haƙoransa sun fi matsuwa, na inci sun ɗan fi sakewa. Ido ba ya gani sai an sa lura. Wasu notin suka shige sumul. Wasu kuwa su yi juyi biyu su tsaya cak. Baba ya ajiye ƙaramin sukundireban da ya zo da kayan, ya ɗauko nasa mai ƙotar katako, ya dafe akwatin da gwiwa. Ƙarfe ya yi ƙiii, ya miƙa wuya.

Yawancinsu ba su yi wata ɓarna ba, murfi kawai suke riƙewa. Amma akwai guda huɗu da aikinsu shi ne su matse farantin baya a jikin wasu ƙananan kaya biyu baƙaƙe, waɗanda ke ɗaukar zafi in ana magana. Farantin ne ke shanye zafin. Waɗannan huɗun suka cije a rabin hanya. A hannu sun ɗauru tamau, ko motsi ba sa yi, alhali tsakanin farantin da kayan akwai ratar da takarda za ta wuce.

Ana cikin wannan aikin Auta ya leƙo wata rana da safe gaida yayarsa. Idonsa ya faɗa kan murfin gwangwanin.

"Yaya, a haɗe suka zo haka?"

Baba ya cire hularsa ya kife a kan murfin.

"Agogo ka zo gyarawa? Namu lafiyarsa lau."

Auta ya shige ciki wurin yayarsa. Kwana biyar bayan haka aka yi taron hayaƙi.

Bayan taron, Baba ya daina fita ta ƙofar gaba. Ya ɗora laifin a kan masu ƙera kayan, ya ɗora a kan wutar lantarki, ya ɗora a kan mai aski da ya zauna kusa da tebur yana numfashi. Ya aika aka kawo masa sababbin kaya biyu madadin waɗanda suka ƙone. Sai dai kafin a sa su dole a cire farantin baya, notin nan huɗu kuwa sun ce ba inda za su. Ya murɗa har kan guda ya cinye ya zama sumul, wani ya karye a cikin rami. Karon farko a rayuwarsa ya ɗaure abin da shi kansa ya kasa kwancewa.

Sannan sai ya lura da wani abu. Goggo ta daina tsallaka titi. In la'asar ta yi, sai ta ajiye kujerarta a tsakar gida ta zauna, hannu a cinya, tana kallon igiyar shanya. Abin da ya shekara shida yana so ke nan, ga shi ya samu, amma sai ya ji kamar an ba shi ruwa a kwando. Kwana na tara ya kasa daurewa.

"Yau ma ba za ki wurin mai tumakinki ba?"

"A'a."

"Ƙafar ce?"

"Ƙafata ƙalau. In na je, ka tsaya a taga kana cizon leɓe. In na dawo, ka ce gishiri ya yi yawa. Ga shi yanzu naka ya ƙone. Ba zan ƙara maka ba, Malam. Na zauna."

Ta faɗa ba tare da fushi ba, kuma ba ta ko dube shi ba. Baba ya tsaya yana kallonta. Daga tsallaken titi ana jiyo shuuu ɗin rediyon Auta ƙasa-ƙasa, ya ga yadda ta ɗan karkata kunne ba tare da ta sani ba.

Washegari da hantsi ya naɗe akwatin a tawul, ya zuba sauran notin a aljihu, ya fita ta ƙofar gaba. Faɗin titin bai fi taku ashirin ba, amma sai da ya tsaya sau biyu yana gyara takalmi. Ya tarar da Auta da gilashi a maƙale a ido ɗaya, yana tsakurar cikin wani agogo.

"Sannu da zuwa, Yaya. Lafiya?"

"Agogon hannuna ne yake jinkiri."

Auta ya karɓa, ya kara a kunne, ya duba na bango. Daidai yake har daƙiƙa.

"Ai kuwa yana ɗan jinkiri," in ji shi. "Ajiye tawul ɗin a nan, ka huta da kaya."

Ya jawo masa kujera. Ya warware tawul ɗin kamar ba da gangan ba, ya juya akwatin, ya kalli baya. Ya daɗe yana kallon notin nan huɗu.

"Yaya, da me ka ɗaure waɗannan?"

"Da hannu."

"Allah ya ƙara wa hannun lafiya."

"Kai, ba na son iskanci. In za ka duba ka duba."

Auta ya ce a ba shi sauran notin. Baba ya juye su a kan farin ƙyallen da ke teburin. Auta ya ɗauki biyu da hantsaki, ya haɗa su gefe da gefe, kan wannan a wutsiyar wancan, ya ɗaga su saitin hasken ƙofa.

"Matso ka gani. Waɗannan haƙoransu sun shiga juna, ba haske a tsakani. 'Yan gida ɗaya ne." Ya ajiye ɗaya ya ɗauki wani. "To duba wannan."

Baba ya gyara tabarau. Haƙora biyu na farko sun hau juna, daga nan suka saɓa, haske na ratsawa ta tsakaninsu ɗigo-ɗigo.

Ai ya san wannan abin. Ya san shi tun kafin Auta ya yi gemu. A gidan ruwa akwai tsofaffin injuna na inci da sababbi na milimita, akwatin notinsu ma daban-daban ne, kuma shi da bakinsa ya sha yi wa sababbin ma'aikata tsawa in suka gauraya su. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba shi ma yana da dangi da asali.

Auta ya raba su gida biyu a kan ƙyallen. Ya ɗauko ɗan ƙaramin abin huji ya ciro wanda ya karye, ya lallaɓa sauran ukun suka fito. Ya buɗe wani gwangwani mai ɗaki-ɗaki ya zaro siririn ƙarfen yanka tiredi, ya ɗiga masa mai, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana gyara abin da aka ɓata. Baba da kansa ya liƙa sababbin kayan, a nan dai bai yarda an taɓa masa ba. Da aka zo mayar da faranti, Auta ya ɗora noti a bakin rami, ya juya shi baya, ba gaba ba.

"Kwancewa kake yi ai."

"Saurara dai."

Can sai ɗan ƙas, ƙarar da in ba a yi shiru ba ba za a ji ba.

"Ya sami bakin hanyarsa ke nan. Yanzu sai gaba, da yatsa biyu. In ya ƙi da yatsa biyu, to ramin ba nasa ba ne."

"Wa ya koya maka wannan?"

"Maigidana, Allah ya ji ƙansa. In ya ga yatsa na uku a kan sukundireba sai ya buge shi."

"Ni na kai ka wurinsa."

"Kai ka kai ni, Yaya."

"To."

Baba ya zauna da manyan hannuwansa a kan gwiwa, kamar mai jiran allura, yana kallon siraran yatsun da ya taɓa rainawa suna juya noti huɗu. Farantin ya kwanta ɗas. Auta ya gwada zura takarda, ta ƙi shiga.

Gwaji na biyu ba a gayyaci kowa ba. Baba ya rufe ƙofar gaba, ya leƙa tsakar gida ya ce, "Ke, in ba abin da kike yi, zo ki riƙe mini wannan wayar." Babu wata wayar da ke bukatar riƙo. Goggo ta shigo da kujerarta. Wannan karon ba jawabi, lambar kira kawai ya faɗa ya saki makirfo, yana shinshina iska. Ba wari. Nan take muryar Auta ta cika ɗakin, tar kamar mai ita na tsaye a gefe.

"Ina jin ka sosai, Yaya. Barka da shigowa."

Baba ya danna da ƙarfi. "Sauka ka ba mutane wuri. Ba kai nake nema ba. Kai ko ta taga na kira ka ai za ka ji."

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya sake kira, ya sake. Sai a karo na shida wata murya ta taso daga can ƙasan shuuu ɗin, tana zuwa tana ɓacewa. Wani ne a cikin jirgin ruwan dakon kaya, ya ce yau kwanansu goma sha ɗaya ba su ga ƙasa ba. Goggo ta ja kujera har gwiwarta na taɓa tebur.

"Me ya ce? Malam, me ya ce?"

Baba ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata, ya ɗan ja lokaci fiye da yadda ake bukata, sannan ya fassara mata a hankali, yana ƙara gishiri inda ya ga dama.

Kada a ce kishin ya wuce. Katunan Auta sun haura ɗari biyu, na Baba goma sha ɗaya ne, kuma ya san adadin na Auta fiye da Auta. Ya ƙara wa ƙarfen eriyarsa tsawon kamu ɗaya don ta ɗara ta tsallaken titi. Goggo takan je shagon ƙanenta jefi-jefi, in ta dawo da labari sai Baba ya ce ai shi ma ya taɓa jin mutumin, muryarsa ce ba ta yi masa ba. Amma yawancin la'asar yanzu, in ka bi ta gindin tagarsa, za ka ji su biyu suna gardama a kan abin da wani baƙo ya ce daga wata uwa duniya.

Mai aski ne dai bai bar maganar ta mutu ba. Kwanan baya, shago cike da mutane, ya yafa wa Baba ƙyalle a wuya ya ce, "Baba, yaushe za a sake tara mu shan hayaƙi? Ko da yake an ce yanzu ba ya yi, tun da Auta ya haɗa maka shi."

Baba ya juyo har almakashi ya kusa cin kunnensa.

"Auta? Noti huɗu yaron nan ya juya. Huɗu, a gabana, ina ƙirgawa. Sauran ashirin da shidan ni na ɗaure su, kuma duk garin nan a kawo mini wanda zai kwance ko guda ɗaya."